Kwatance Daga Ƙofar 'Yandaka: Wa Zai Riƙe Mana Littafin Girka Manhaja?

Ina so in jawo hankalinku ga wani aiki wanda ba shi da ƙyalƙyali, ba ya kuwa jawo tafi a dandalin yaƙin neman zaɓen ƙungiya, amma rashinsa yana ci mana dukiya da lokaci kowace shekara. Aikin nan shi ne rubuta littafin jagora da Hausa, wanda zai nuna wa ɗalibi yadda ake girka babbar manhaja a kan irin kwamfutocin da muke riƙe da su. Sa'an nan ga abin da ya fi wannan wuya, watau naɗa mutanen da za su riƙa kula da littafin suna gyara shi bayan an rubuta. A ganina wannan nauyi na ƙungiyar ɗalibai ne, kuma lokacin ɗaukarsa ya yi.

Bari in fara da abin da kowane Bakatsine ya sani. Ƙofofi bakwai aka fi ambata wa birnin Katsina: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yandaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. To, a ce baƙi biyu suna neman Ƙofar Soro. Ɗaya ya biyo hanyar Kano ya iso Ƙofar Ƙaura, ɗaya kuma ya fito daga yamma ya tsaya a Ƙofar 'Yandaka, wadda Gwamna Lugga ya bi ya shiga birni a 1903. In ka ɗauki kwatancen da ka yi wa na farko ka miƙa wa na biyu, ko kalma ɗaya ba ka yi ƙarya ba, amma lalle ka ɓatar da shi, domin damarsa da hagunsa ba su ne na wancan ba. Duk da haka da zarar su biyun sun iso filin Kangiwa, kwatancensu ya zama ɗaya. Mai hankali in an sa shi ya rubuta wa baƙi jagorar birni, ba zai rubuta littafi bakwai ba, ba zai kuma rubuta kwatance ɗaya ya ce kowa ya bi ba. Littafi ɗaya zai yi mai rassa bakwai a farkonsa, rassan su haɗu inda hanyoyi suka haɗu.

Maganar girka babbar manhaja haka take. Ga wanda bai saba da kalmar ba, babbar manhaja ita ce uwargida a cikin kwamfuta. Ita ke karɓar abin da ka danna, ita ke raba wa sauran manhajoji wurin aiki, ita kuma ke tsare fayilolinka a rumbun ajiya. Windows ta kamfanin Microsoft ita muka fi sani a nan, sai macOS ta Apple, sai dangin Linux, irin su Debian da Ubuntu da Mint, waɗanda kyauta ake ba da su. Girka ta kuwa shi ne abin da muke kira "sa Windows" ko "yin fomatin" a bakin shagon mai gyara. Ƙarshen aikin kusan iri ɗaya ne a kowace kwamfuta: zaɓi harshe, zaɓi ƙasa, sa suna, sa kalmar sirri. Farkonsa ne ya bambanta, kuma a farkon nan ake yin ɓarna.

Me ya sa nake tayar da maganar yanzu? Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10, sai dai ƙarin wa'adi na shekara guda, har zuwa Oktoba 2026, ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗan da ba kowace kwamfuta ke cika su ba. Tana neman wani ɗan sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, tana neman giga 4 na ram da giga 64 na rumbu, kuma a ɓangaren Intel jerin masarrafan da ta amince da su ya fara ne kusan daga zuriya ta takwas, watau waɗanda suka soma fitowa a 2017. Masarrafa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta. Kowa ya duba ɗakunan kwananmu zai ga kwamfutoci da yawa sun girmi wannan shekara. Mai irin wannan kwamfuta ko dai ya zauna da Windows 10 ba mai toshe masa ƙofofin ɓarayi, ko ya cusa Windows 11 ta bayan gida ba tare da wani alkawari daga masu ita ba, ko kuwa ya ƙaura zuwa Linux. Biyu daga cikin hanyoyin nan uku sai an bi ta girki.

Mu kuma ba sababbin kwamfutoci muke saye a kwali ba, balle mu sami takardar masu ƙira a ciki. Namu na gwanjo ne, tokumbo, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su, suka sauka Legas, suka biyo ta kasuwar Ikeja da titin Beirut na Kano kafin su iso hannunmu. Wasu kuma ta Maraɗi da Jibiya suke shigowa. Sabo da haka a ɗaki ɗaya na mutum shida sai ka tarad da HP da Dell da Lenovo da Acer, kowace da shekarunta, kowace da halinta, wata ma an sauya mata rumbu da allon madannai a hanya. Ma'aikatar da ta sayi kwamfuta ɗari iri ɗaya takarda ɗaya ta ishe ta. Mu ba haka muke ba, kuma babu wanda zai zo daga waje ya rubuta mana takardar da ta dace da wannan haɗin gambiza.

Dubi ƙofar farko kawai, watau yadda za ka sa kwamfuta ta tashi daga filashin da ka zuba manhajar a ciki. A yawancin HP, F9 ke kawo jerin abubuwan da za a tashi daga gare su, F10 kuma ke shigar da kai saitin ciki. A Dell F12 ne da F2. A ThinkPad ta Lenovo F12 ne da F1. A Acer da yawa F12 ɗin a kashe yake zuwa, sai ka shiga saiti da F2 ka kunna shi tukuna. Wannan ƙaramin abu ne, amma shi kaɗai ya isa ya cinye wa ɗalibi yini guda. Bayan shi akwai babba. Tsofaffin kwamfutoci da wani tsari suke tashi mai suna BIOS, wanda ya samo asali tun daga kwamfutar IBM ta 1981. Na baya-bayan nan da UEFI suke tashi, wanda ya game kasuwa tun fitowar Windows 8 a 2012. Akwai kuma na tsakiya masu iya duka biyun, kuma su ne suka fi rikita mutane. Kowane tsari da irin yadda yake son a yanka rumbu: BIOS ya saba da MBR, wanda bai wuce terabait 2 da manyan yankuna huɗu ba, UEFI kuwa GPT yake so. In ka tayar da mai girka Windows ta hanyar UEFI alhali rumbun MBR ne, sai ya tsaya ya ce ba zai iya ba. Haka kuma in ka juya.

A nan ne ake asarar da ta sa na ɗauki alƙalami. Akwai hanyoyi biyu na fita daga wannan cikas. Ɗaya ita ce a koma saiti a sauya yadda kwamfutar ke tashi, wadda ba ta taɓa fayil ko ɗaya. Ɗayar ita ce a share rumbun ƙaƙaf a sake yanka shi, wadda ta fi sauri, kuma ita mai gaggawa ke bi. Minti ɗaya ba ya cika, sai kundin kammala karatu, da bayanan da aka yi wata uku ana tattarawa a ƙauyuka, da hotunan iyali, duk su tafi. Wane ne a cikinmu bai taɓa jin labarin ɗalibar ajin ƙarshe da ta kai kwamfuta a sa mata Windows aka mayar mata da ita wayam ba? Mai gyaran ba mugu ba ne. Abin da aka koya masa a kan wata kwamfuta ya yi a kan wannan. Har wa yau akwai makullin BitLocker, wanda kwamfutoci da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba. Ka taɓa saitin ciki kaɗan, sai ta tashi tana neman lamba mai alƙaluma 48, in kuwa ba ka ajiye ta ba tun farko, fayilolinka suna nan amma sun fi ƙarfinka.

Sauran cikas ɗin ba zan tsaya a kansu da yawa ba. Wasu kwamfutocin Intel na zuriya ta goma sha ɗaya zuwa sama, mai girka Windows ba ya ganin rumbunsu sam sai an ba shi wani direba na musamman. Wasu Dell suna zuwa da rumbu a saitin RAID, Ubuntu ba za ta shiga ba sai an mai da shi AHCI. Akwai masu na'urar waifai ta Broadcom waɗanda ke gama girki su tashi ba intanet. Sa'an nan akwai waɗanda jinsinsu ma daban ne. Tun 2020 Apple ta soma barin masarrafar Intel ta koma tata ta gida mai ƙirar ARM, har ma madannin da ake riƙewa wajen tashi ya sauya: da Option ne, yanzu madannin kunnawa ne. Raspberry Pi, 'yar ƙaramar kwamfutar nan da ta fito a 2012 wadda ɗaliban injiniya ke amfani da ita, ita ba a ma girka mata manhaja yadda muka saba, rubuta ta ake yi a kan katin ajiya a soka mata.

Duk wannan ilmi akwai shi a cikinmu. A kowane sashe akwai ɗalibi ɗaya ko biyu da aka sani, waɗanda ake buga wa ƙofa da tsakar dare in kwamfuta ta ƙi tashi. Sun sha wuya sun gano halin kowace ƙira. Amma ilmin a kansu yake, shekara huɗu kuwa kamar gobe ce. Ran da suka karɓi takardar shaida suka tafi bautar ƙasa, sai ilmin ya hau mota tare da su, 'yan aji ɗaya kuma su soma daga inda waɗancan suka soma, su yi asarar da waɗancan suka yi. Jami'a wuri ne da aka gina domin kada irin wannan ya faru, abin kunya ne kuwa a ce a kan kayan karatunmu na yau da kullum ne muka kasa.

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba, sabo da haka ya kamata mu duba yadda waɗansu suka yi. Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, 'yan sa kai ne ke riƙe da ita a ƙasashe daban-daban, kuma tana tafiya a kan jinsin masarrafa iri-iri, tun daga kwamfutar cinya har manyan injunan IBM na bankuna. Fitowarta ta 12, a Yunin 2023, jinsi tara ta ɗauka. Ta 13, a Agustan 2025, bakwai, daidai da ƙofofinmu, ko da yake wannan dace ne kawai. Littafin girkinta yana fitowa daban-daban ga kowane jinsin da ake girka ta a kai, kuma cikin harsuna da yawa, waɗanda babu Hausa a cikinsu. Amma ba littattafai da yawa suke rubutawa ba. Tushe ɗaya ne, a wani tsarin rubutu da ake kira DocBook, inda akan yi wa sakin layi alama a ce wannan na jinsi kaza ne kaɗai. Sakin layin da ba shi da alama na kowa ne. In an zo bugawa, na'ura ke tsince wa kowane jinsi nasa. Mai riƙe da kwamfutar ARM ba zai ga bayanin da bai shafe shi ba, in kuma an gyara kuskure a bayanin yanka rumbu, gyara ɗaya ya wadatar da duka.

NetBSD, wadda ita ma a 1993 aka soma ta, kuma ta yi suna wajen tafiya a kan na'urori fiye da iri hamsin, haka take yi da takardunta na girki, haka ma 'yar'uwarta OpenBSD. Dalilinsu a fili yake. In ka kwafi takarda ɗaya gida goma domin kwamfuta goma, ran da aka sami kuskure sai ka gyara wuri goma, kuma lalle za ka manta da uku. Bayan shekara biyu takardun nan goma sun saɓa wa juna, babu mai sanin wadda ke da gaskiya. Debian tana da wata al'ada kuma wadda ta fi burge ni. Duk wanda ya girka ta ana roƙonsa ya aiko da rahoto, ya faɗi irin kwamfutarsa, da matakin da ya tafi daidai, da wanda ya ƙi. Ko girkin ya yi kyau ana son rahoton, domin sanin cewa abu ya yi aiki a kan ƙira kaza shi ma ilmi ne.

To, a ce mun rubuta namu. Shi ke nan? Ko kusa. Takardar girki ruɓewa take yi tana zaune, ba tare da kowa ya taɓa ta ba, domin abin da take kwatantawa ba ya zama wuri ɗaya. Ga misali biyu daga Debian ɗin nan. Shekara da shekaru mai girkinta na asali ba ya ɗauke da 'yan manhajojin da wasu na'urorin waifai ke bukata, sabo da ba a buɗe sirrinsu ga jama'a ba, don haka kowace jagora takan ce ka nemi wani kwafi na gefe. A 2022 'yan ƙungiyar suka jefa ƙuri'a suka sauya wannan, daga fitowa ta 12 aka sa su a ciki. Duk takardar da aka rubuta kafin nan sai ta zama tana aika mutum neman abin da ke aljihunsa. Na biyu ya fi zafi. Daga fitowa ta 13 babu sauran mai girki domin tsofaffin kwamfutoci masu bit 32. Jagorar da ta ce wa mai tsohuwar kwamfuta "sauko da Debian ta yanzu" gaskiya ta faɗa a 2024, a 2025 kuwa ta sa shi ya ƙone datarsa a banza. Takardar da ta tsufa ta fi rashin takarda haɗari, domin wanda ba shi da takarda yana tafiya yana tambaya, mai tsohuwar takarda kuwa gabansa gaɗi yake tafiya.

Wanda ya tsaya a Ƙofar 'Yandaka ya duba dama da hagu ya nemi ganuwa zai fahimci abin da nake nufi. Ganuwar ƙasa ba gini ba ne da ake yi a gama. Da can in damina ta wuce akan fito aikin gayya, kowace unguwa da ɓangaren da ke wuyanta, a cike inda ruwa ya zaizaye. Muddin ana wannan, ganuwa tana tsaye. Da aka daina, mafi yawanta ba yaƙi ne ya ci shi ba. Ruwan sama ne, da masu ɗibar ƙasa, da masu neman fili, kaɗan-kaɗan, har aka wayi gari ƙofofi na tsaye, abin da ya haɗa su kuwa sai a 'yan wurare. Abin lura a nan shi ne rabon aikin. Ba a ce "jama'a su gyara ganuwa" ba, an san wanda ke da kowane taƙi.

Akwai kuma abubuwan da babu littafin Turai da zai faɗa mana, sai mu. Wanda ya rubuta jagora a Jamus bai san ana ɗauke wuta ana tsakiyar girki ba, bai kuma san batirin tokumbo minti goma yake riƙewa ba. Namu littafin dole ya ce kada a soma sai an tabbata da wuta, kada kuma a kuskura a sabunta BIOS a kan mataccen batir, domin in wuta ta yanke a wannan gaɓa kwamfutar tana iya mutuwa ɗungum. Bai san cewa ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon ciki ya daɗe da mutuwa a yawancin tsofaffin kwamfutoci ba, har kwamfuta ta tashi tana zaton shekarun baya ake ciki, ta ƙi amincewa da shafukan intanet, mutum ya yi ta zargin layinsa alhali kwanan wata kawai zai gyara. Kwamfutar da ta shigo ta Maraɗi sau da yawa allon Faransanci gare ta, inda A ke zaune a gurbin Q, Z kuma a gurbin W. Ka sa kalmar sirri wajen girki da tsari ɗaya, ka zo buɗewa da wani, sai ka kulle kanka a waje. Sa'an nan ga haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Windows tana da tsarin madannai na Hausa, Linux ma tana da shi, amma ɗalibin Hausa nawa ne ya san inda ake kunna shi? Shafi guda zai raba mu da rubuta "kofa" a inda muke nufin "ƙofa". Kuma tun da Windows 11 tana neman intanet tun ana saita ta, ya kamata littafin ya gaya wa ɗalibi ya tanadi data kafin ya zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ai YouTube cike take da bidiyo, ga kuma manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira da ke amsa kowace tambaya, me za a yi da littafi? Ban raina su ba, ni ma ina amfani da su. Amma mai bidiyo kwamfutarsa ya ɗauka, ba taka ba, ba kuwa kowa ke lura da shekarar da aka ɗora shi ba. Manhajar hira kuma da murya ɗaya take ba da amsar da ta tabbata da wadda ta ƙaga, ba ta taɓa riƙe wannan HP ɗin da aka sauya wa rumbu a Ikeja ba. Abin da littafinmu zai fi su da shi layi ɗaya ne a ƙarƙashin kowane reshe: "An gwada wannan a kan ƙira kaza, da manhaja fitowa ta kaza, ran kaza ga wata kaza." Wannan layi shi ne dukan darajar littafin, kuma sai wanda ya taɓa kwamfutar da hannunsa zai iya rubuta shi.

Wasu kuma za su ce me ya kawo Hausa, tun da abin da ke fitowa a fuskar kwamfuta da Turanci yake? Amsa ita ce a bar kalmomin fuskar yadda suke, domin mai karatu ya gane su in ya gan su, amma bayanin abin da za su aikata a yi shi da harshen da mutum ke jin tsoro da shi. Gargaɗin da ya ce danna nan zai share dukan abin da ka mallaka ya fi shiga jiki da Hausa. Bugu da ƙari, ba ɗaliban kimiyyar kwamfuta kaɗai ke da kwamfuta ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ƙannenmu na sakandare ma sun shigo ciki. Masu gyara na cikin gari kuma, waɗanda wani zai ce za mu kashe musu kasuwa, ni ina ganin su ne farkon waɗanda ya kamata a gayyata. Sun ga kwamfutoci fiye da yadda kowane ɗalibi zai gani, kuma mai shagon da bai taɓa share kundin kowa ba shi zai fi samun ciniki.

Kada kuma wani ya ɗauka rubuta hanya mataki-mataki baƙon abu ne a garin nan. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara hatimin lissafi, watau murabba'in da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya, kuma da yake ya rubuta ƙa'idar, har yau masana lissafi suna iya bin sawunsa. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sukan bar matani a tsakiya, su yi sharhi a gefe, wani lokaci da ajami, a ƙarshe kuma mai kwafi ya sa sunansa, wani har da ranar da ya gama. Matani ɗaya, sharhi a gefe, suna da kwanan wata a ƙarshe: abin da nake roƙo ke nan, ba ƙari.

Ga yadda nake ganin za a yi. Majalisar ƙungiya ta kafa ɗan kwamiti na dindindin, ba na biki ba, ta sa shi cikin tsarin mulkinta yadda sabon shugaba ba zai share shi ba. A rubuta gangar littafin sau ɗaya, kuma babinsa na farko ya zama kwashe fayiloli zuwa wani wuri da neman lambar BitLocker kafin a taɓa kome. Kowace ƙira a ba ta reshe, kowane reshe a ba shi mai riƙo guda wanda yake da irin kwamfutar a hannunsa, tare da mataimaki daga ajin da ke ƙasa da shi, domin in babba ya tafi ƙarami ya gaje shi. Reshen da ya shekara ba a gwada shi ba a buga masa alama a sama a ce ya tsufa. Wanda ya shekara biyu babu mai riƙo a cire shi a ajiye gefe, ko da kuwa an sha wuya wajen rubuta shi. Debian ma ta sauke jinsin da ta kasa riƙewa, ba ta ji kunya ba. A ajiye tushen a inda ake ganin tarihin kowane gyara da wanda ya yi shi, a kuma fitar da shi a fayil mara nauyi da za a iya karantawa a waya ba tare da data ba, tun da mai bukatarsa kwamfutarsa a mace take. A buga 'yan kwafi a takarda a ajiye a ofishin ƙungiya da ɗakunan kwanan mata da na maza. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da na Alƙalam, da na Kwalejin Hassan Usman, da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma duk kasuwa ɗaya suke sayen kwamfuta, babu dalilin da zai hana su haɗa hannu a kan tushe ɗaya.

Abu ɗaya ne zan ce kada ya shiga littafin, shi ne koyar da fasa makullin Windows da manhajojin sata. Na san ana yi, na kuma san dalili, amma ta wannan hanya ƙwayoyin cutar kwamfuta da yawa ke shigowa, kuma ƙungiya ba za ta sa hannunta a kai ba. Tokumbo da yawa suna zuwa da lasisinsu na asali a binne a ciki, littafin ya nuna yadda ake gane shi. Wanda ba shi da lasisi a nuna masa hanyar Linux, a kuma gaya masa gaskiya game da manhajojin sashensu da ba za su yi aiki a kanta ba, domin ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Kuɗin da wannan aiki ke bukata bai kai na kalandar da ake bugawa da hotunan shugabanni kowace shekara ba: filashi kaɗan, rumbu ɗaya na kwashe fayiloli, data, da kuɗin buga takarda. Ran miƙa mulki kuma, sa'ad da tsohon sakatare ke miƙa wa sabo makullin ofis da littafin kuɗi, a haɗa da jerin rassa da sunan mai riƙon kowanne, a karanta shi a gaban majalisa, a ji reshen da ya zama maraya. Hutun da ke tafe ya isa a rubuta gangar littafin da rassa uku na farko, watau HP da Dell da Lenovo, tun da su muka fi gani a ɗakunan kwananmu. Reshen Apple da na Raspberry Pi sa jira sai masu su sun fito sun karɓi riƙo.